Me Ya Sa Fina-finan 'Yan Mafiya Ba Sa Rabuwa Da Dangi Da 'Yan Siyasa?

Tambaya: Malam, na jima ina bin fina-finai masu dogon zango na ƙasashen waje da suka shafi gungun masu laifi, irin su Peaky Blinders da Narcos. Na lura kusan kowanne abu uku ne ke juya labarinsa: gida ɗaya, ɗan siyasa, da haramtacciyar sana'a. Kuma duk ta'asar da jarumin ya yi, sai ya ce don iyalinsa ya yi ta. Shin haka abin yake a zahiri, ko marubutan ne ke kwafar juna? Wanne ne ya fi kusa da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, ka lura da kyau. Kwafar juna akwai ta, ba a musu, amma ba ita ta haɗa waɗannan abubuwa uku ba. Sana'ar ce da kanta ta haɗa su, tun kafin wani ya ɗauki kyamara. Inda yawancin fina-finan suke baɗa wa mai kallo ƙasa a ido shi ne wannan magana ta ƙarshe da ka kawo, ta cewa don iyali ake yi. Zan zo kanta.

Mu fara da dangi. Ɗan kasuwar halal idan abokin cinikinsa ya cuce shi yana da inda zai kai ƙara. Akwai shaidu, akwai takarda, akwai sarkin kasuwa, akwai kotu. Mai safarar hodar ibilis ko mai karɓar kuɗin kariya daga masu shaguna ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Idan yaronsa ya gudu da kaya, ba zai je caji ofis ba. Abu biyu kawai ke riƙe masa amana: tsoro da jini. Shi tsoro yana da iyaka. Ranar da aka kama yaron, mai gabatar da ƙara ya nuna masa ɗaurin rai da rai a hannu ɗaya, sassauci a ɗaya hannun, tsoron ubangida sai ya fara narkewa. Jini kuwa ba ya narkewa da wuri haka, domin wanda zai tona asiri, mahaifinsa zai tona wa, da wansa, da kawunsa, da mijin ƙanwarsa.

A Italiya wannan ya fito fili. Ƙungiyar Cosa Nostra ta tsibirin Sisili tana kiran rassanta iyali, amma yawancin mutanen cikinta rantsuwa ce ta haɗa su ba haihuwa ba. A 1984 wani babba a cikinsu, Tommaso Buscetta, ya buɗe baki ya gaya wa alƙali mai bincike Giovanni Falcone yadda ƙungiyar take tun daga tushe, bayan abokan gaba sun hallaka masa 'ya'ya maza biyu da wasu 'yan'uwa. Bayanansa suka zama ginshiƙin babbar shari'ar nan ta Palermo, babban birnin Sisili, da aka fara a 1986 da mutum 475 a gaban kotu, aka yanke wa sama da 300 hukunci a ƙarshen 1987. Ita kuwa 'Ndrangheta ta yankin Kalabiriya, kowane reshe nata gida ne na gaske, uba da 'ya'ya da surukai, kuma da aure ake ƙulla ƙawance tsakanin gidajen. Shi ya sa masu juya mata baya su ba hukuma shaida ba su kai na Sisili yawa ba, kuma shi ya sa yau masu bincike a Italiya suke ɗaukarta a matsayin wadda ta fi sauran ƙarfi da dukiya. Saboda haka idan ka ga fim ya ɗora shugabancin gungu a kan 'yan gida ɗaya, bai yi ƙarya ba.

Sai siyasa. Ƙaramin ɓarawo ɗan sanda yake gudu. Wanda ya ƙasaita kuwa ya san gudu ba ya ɗorewa, abin da ke ɗorewa shi ne a samu mai tsaya maka a ciki, da ɗan gari akan ci gari. Yana buƙatar wanda zai sa a sauya wa jami'in da ya takura masa wurin aiki, wanda zai sa hannu a lasisin mashaya ko gidan caca, da wanda zai ba kamfaninsa kwangilar gini ko kwasar shara, inda kuɗin haram ke shiga su fito da takardun halal. Shi kuma ɗan siyasa yana buƙatar ƙuri'un unguwa a dunƙule, da kuɗin kamfe da ba a rubuta ba, da majiya ƙarfi ranar zaɓe. Kowa na da abin da ɗaya ke nema. Majalisar Italiya ta san da haka har ta yi doka a 1991 da ke ba gwamnati ikon rusa majalisar ƙaramar hukuma idan an tabbatar 'yan mafiya sun kutsa cikinta, a 1992 kuma aka mayar da cinikin ƙuri'a da 'yan mafiya laifi mai zaman kansa.

Wannan ƙawance ba na soyayya ba ne. A Janairun 1992 kotun ƙolin Italiya ta tabbatar da hukuncin shari'ar Palermo. A Maris aka harbe Salvo Lima, tsohon magajin garin Palermo kuma ɗan majalisar Turai, wanda masu bincike suka ce an kashe shi ne don ya kasa sa a soke hukuncin. A 23 ga Mayu aka tayar da bam a kan babbar hanya aka kashe Falcone da matarsa da masu tsaronsa uku, kafin wata biyu ya cika kuma aka kashe abokin aikinsa Paolo Borsellino. Narcos ɗin da ka ambata ma a wannan gaɓar ya riƙe gaskiya. Pablo Escobar ya shiga majalisar wakilan Kolombiya a 1982 a matsayin mai maye gurbin wakili, bayan ya yi suna da gina wa talakawan Medelin gidaje da filayen ƙwallo. Ministan shari'a Rodrigo Lara Bonilla ne ya tsaya kai da fata wajen fallasa shi har ya bar kujerar, kuma a Afrilun 1984 aka harbe ministan a cikin motarsa a Bogota.

Amma ka tambaye ni wanne ya fi kusa da gaskiya. A ganina wani shiri ne da bai yi suna a wajenmu ba, wai shi Brotherhood, wanda tashar Showtime ta Amurka ta nuna daga 2006 zuwa 2008, zango uku, kashi 29. Blake Masters ne ya ƙirƙire shi, kuma ya ci lambar yabo ta Peabody. Labarin wa da ƙani ne 'yan asalin Ayalan a wata unguwar ma'aikata a birnin Providence na jihar Rhode Island. Ƙanin, Tommy Caffee, ɗan majalisar jiha ne mai neman hawa sama. Wan, Michael, ɗan daba ne da ya ɓace shekara bakwai sannan ya dawo neman tsohon matsayinsa. Tun a farkon shirin ubangidan 'yan dabar unguwar ya aika wa Tommy saƙo: ko ya ba shi kwangila, ko a kashe masa ɗan'uwa. Duba yadda aka ɗaure igiyar. Tommy bai nemi ɗan daba ba, a cikin gidansu aka haife shi. Idan ya miƙa wuya ya ci amanar mazaɓarsa, idan ya ƙi me zai gaya wa mahaifiyarsu Rose?

Ita Rose ɗin nan ita ce ta fi burge ni a shirin gaba ɗaya. Duk Lahadi sai ta tara su a kan teburin abinci, da jikoki da suruka. Ta san abin da Michael yake yi sarai, amma ba za ta yarda a faɗa a gabanta ba, kuma duk wanda ya kuskura ya taɓo maganar shi ne ya zama mai laifi, shi ne mai son raba zumunci. A wannan teburi ake tilasta wa ɗan majalisa ya zauna kusa da mai kisa yana miƙa masa kwano. Matar Tommy, Eileen, wadda a bainar jama'a take murmushi a gefensa, a ɓoye ta faɗa shaye-shaye don nauyin rayuwar ya fi ƙarfinta. Ɗan sandan da ke binciken gungun kuma, Declan, tare suka yi wasan ƙasa da su. Babu mai sheƙi a cikinsu. Gidajensu ƙanana ne, motocinsu tsofaffi, kuɗin da ake kashe rai a kansu ba su taka kara sun karya ba. Abin da shirin ya nuna da kyau, wanda ba kasafai ake nunawa ba, shi ne aikin majalisa na yau da gobe: wa za a ba shugabancin kwamiti, ta wace unguwa sabuwar hanya za ta bi, ɗan wa za a sama wa aiki. Sai ka ga dabarar da Tommy ke amfani da ita a zauren majalisa da wadda Michael ke amfani da ita a bayan mashaya kusan iri ɗaya ce, ka ba ni in ba ka, ka ƙi ni ka gani.

Dalilin da ya sa shirin ya yi kama da gaskiya haka shi ne akwai ainihin wa da ƙani da labarin ya ɗebo daga rayuwarsu, a birnin Boston da ke makwabtaka. James Bulger, wanda ake kira Whitey, da ƙaninsa William sun taso a gidajen gwamnati na talakawa a kudancin Boston. William ya yi karatu ya zama lauya, ya shugabanci majalisar dattawan jihar Massachusetts daga 1978 zuwa 1996, daga nan ya zama shugaban jami'ar jihar. Whitey kuwa ya yi zaman kurkuku kan fashin banki, har da tsibirin Alcatraz, ya fito ya zama jagoran gungun Winter Hill. Tun wajen 1975 yana cikin rajistar hukumar FBI a matsayin infoma, kuma jami'in da ke kula da shi, John Connolly, yaron unguwarsu ne da ya taso a gidajen gwamnatin nan tare da su. Whitey na ba da bayanai kan abokan hamayyarsa 'yan mafiyar Italiya, Connolly na kare shi yana kuma tsegunta masa abin da hukuma ke shiryawa. A ƙarshen 1994 aka raɗa masa cewa za a kama shi, ya gudu. Shekara 16 ana nemansa, har aka sa ladan dala miliyan 2 a kansa. Sai a Yunin 2011 aka kama shi a Santa Monica ta jihar Kalifoniya, da kuɗi sama da dala 800,000 da bindigogi 30 a ɓoye, da yawa a cikin bangon ɗaki.

Yanzu ka duba wa ya juya masa baya, wa kuma bai juya ba. Manyan na hannun damansa uku, Stephen Flemmi da Kevin Weeks da John Martorano, duk sun tsaya a kotu a 2013 sun ba da shaida a kansa. Martorano da bakinsa ya amsa kisan mutum 20, amma saboda haɗin kan da ya bayar shekara 12 kawai ya yi a kurkuku. 'Yan'uwansa na jini kuwa ba su ba da shi ba. Ƙaninsu John, wanda ya yi aikin magatakardar kotu, ya yi zaman wata shida a gidan yari don ya yi wa masu bincike ƙarya. William, wanda ba a taɓa tuhumarsa da wani laifi ba, kuma adalci ne a faɗi haka, ya amsa cewa ya yi magana da Whitey ta waya a Janairun 1995, bai sanar da hukuma ba, bai kuma ce masa ya miƙa kansa ba. Ya bayyana wa masu bincike cewa yana ƙaunar ɗan'uwansa kuma ba ya fatan ya taimaki kowa a kansa. A 2003, bayan ya bayyana a gaban kwamitin majalisar wakilan Amurka, matsin lamba daga gwamna Mitt Romney da wasu ya sa ya ajiye shugabancin jami'ar.

Na san Bahaushe da yawa zai karanta wannan ya ji tausayin William, domin mu ma mun taso da cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni ma ina jin nauyin maganar, kuma ba na ganin wanda zai yi saurin yanke masa hukunci ya fahimci abin da ake kira ciki ɗaya. Amma a nan ne ya kamata mai kallo ya buɗe ido, domin akwai wasu gidajen a cikin labarin. A 2013 kotu ta samu Whitey da hannu a kisan mutum 11, kuma kowannensu yana da uwa ko mata ko 'ya'ya da suka yi shekaru suna jiran a kama shi. Ɗaya daga cikin waɗanda aka kashe ita ce Deborah Hussey, 'yar shekara 26, agolar Flemmi, wadda ta taso a hannunsa tun tana ƙarama. A 1985 Flemmi da kansa ya kai ta gidan da aka shaƙe ta, aka binne ta a ƙarƙashin ginin, don suna ganin bakinta zai iya jawo musu matsala. Shekara da shekaru kuma mutanen unguwar suna faɗin cewa Whitey ne ke hana ƙwaya shigowa cikinsu. Shari'a ta nuna kamasho yake karɓa daga masu sayar da ita. An kashe shi a kurkuku a Oktoban 2018 yana da shekara 89.

To ka ga amsar maganar nan da ka kawo, ta cewa don iyali ake yi. Gaskiya ne masu wannan sana'a suna cewa don iyali suke yi, kuma wasunsu sun yarda da abin da suke faɗa. Amma biyayyar hanya ɗaya take bi, daga ƙasa zuwa sama. Mata da 'ya'ya da ƙanne su ne za su yi shiru, su ɓoye, su yi ƙarya a kotu, su rasa aiki. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya zama barazana ga sana'ar, sana'ar ake zaɓa. Da wannan nake auna kowane shiri: shin ya nuna wanda ke biyan farashin biyayyar, ko ya bar kyamara a fuskar jarumin kaɗai?

Da wannan ma'auni The Sopranos, wanda HBO ta nuna daga 1999 zuwa 2007 a kashi 86, ya ci jarrabawa. Tony Soprano ba ya gajiya da maganar iyali, amma shirin bai rufa masa asiri ba, ya nuna shi yana kashe ɗan'uwa da hannunsa lokacin da ya zame masa nauyi. Gomorrah na Italiya, wanda aka ɗauko daga littafin Roberto Saviano na 2006 kan Camorra, ƙungiyar 'yan mafiyar birnin Napoli, ya fi shi tsanani ma, ba ya barin ka so kowa na tsawon lokaci. Shi marubucin littafin tun waccan shekarar yake rayuwa da rakiyar 'yan sanda. Boardwalk Empire kuma ya yi kyau a ɓangaren siyasa, domin jaruminsa an gina shi ne a kan Enoch Johnson, ma'ajin ƙaramar hukuma kuma uban jam'iyya a Atlantic City zamanin haramcin giya na 1920 zuwa 1933, mutumin da a ƙarshe ƙin biyan haraji ne ya kai shi kurkuku a 1941.

Peaky Blinders fa? Ina son aikin da aka yi masa, kuma Helen McCrory, wadda ta fito a matsayin Polly, gwaggon 'yan gidan Shelby, kafin rasuwarta a 2021, ta nuna yadda mace ke riƙe baitulmalin irin wannan gida fiye da duk wadda na gani. Amma a kan gaskiya yana can baya. Ainihin 'yan daban da ake kira da wannan suna a Birmingham sun yi tashe ne a ƙarshen ƙarni na 19, shekaru da dama kafin 1919 da shirin ya fara, kuma matasan lungu ne masu faɗa da ƙwace, babu wanda ya zama attajiri ko ɗan majalisar Birtaniya a cikinsu kamar jarumin shirin, Tommy Shelby. Oswald Mosley da Winston Churchill, 'yan siyasar Birtaniya da suka fito a shirin, mutane ne na gaske, hulɗarsu da Tommy kuwa ƙirƙira ce. Ba ƙirƙirar ce ta dame ni ba, wasan kwaikwayo ne. Abin da ya dame ni shi ne ado. An tsantsara wa Tommy kwat da hula, an ba shi tafiyar ƙasaita da kiɗa, an ba shi raunin yaƙin duniya na ɗaya a matsayin uzuri, har yaro ɗan shekara 17 yana gama kallo yana son ya zama shi. Ba na jin akwai wanda ya taɓa gama Brotherhood yana sha'awar zama Michael Caffee.

Idan kana son ganin labarin daga ɓangaren waɗanda ake sa su yi shiru, ka nemi The Good Mothers na 2023, kashi shida kacal. Ya ƙunshi labarin gaskiya na Lea Garofalo, 'yar gidan 'Ndrangheta da ta fara ba hukuma bayanai a 2002. A Nuwamban 2009 uban 'yarta, Carlo Cosco, ya yaudare ta zuwa Milan da sunan za su tattauna makomar yarinyar, aka kashe ta aka ƙona gawar. 'Yar tasu, wadda a lokacin ba ta cika shekara 18 ba, ita ce ta tsaya a kotu ta ba da shaida a kan mahaifinta, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. A yankin Kalabiriya kuma wani alƙalin kotun yara, Roberto Di Bella, ya fara wani tsari wajen 2012 na ɗauke yara daga irin waɗannan gidaje a kai su wani gari su yi karatu, kuma daga baya iyaye mata da kansu suka riƙa zuwa wajensa a asirce suna roƙon a fitar musu da 'ya'yansu.

A nan gida Najeriya, Kemi Adetiba ta taɓo wannan jigo a King of Boys na 2018 da ci gabansa mai dogon zango a 2021, inda Sola Sobowale ta fito a matsayin uwar 'yan daban Legas mai neman mulki, kuma 'ya'yanta ne suka fara shan wahalar burinta. Namu na Arewa yana da tasa siffar. Wanda ya san labarin 'yan kalare a Gombe, ko sara-suka a Bauchi, ko 'yan daba a Kano lokacin zaɓe, ya san ba jini ne ke haɗa yaron da ubangidansa ba. Ɗan talaka ne ke riƙe gora da wuƙa, 'ya'yan mai gida suna makaranta. Duk marubucin da zai yi namu, idan ya kwafo gidan Shelby ya sa musu babbar riga, bai faɗi gaskiyarmu ba. Gidan da ya kamata ya shiga da kyamara shi ne na uwar yaron nan da aka kawo mata gawarsa ko aka ce ta je ta yi belinsa, bayan wanda ya yi wa aiki ya daina ɗaga waya.

Idan za ka bi shawarata, ka fara da Brotherhood, kuma ka yi haƙuri da shi, don a hankali yake tafiya, kashi uku ko huɗu na farko ba za su ja ka da gudu ba. Daga nan The Good Mothers, sannan The Sopranos idan kana da lokaci. Gomorrah ka bar shi a ƙarshe, yana da nauyi a zuciya. Kuma ka sani kusan dukkansu suna ɗauke da ashar da tsiraici da zubar da jini a fili, ba na kallo ba ne a falo tare da yara.